Hajiya, kwana nawa ke nan da zazzaɓin Alhaji?

Kin ce maigida na fama da zazzaɓi da tari, maƙwabciya ta ce a sayo amoxicillin, wani kuma ya ce Tamiflu, kina tambaya wanne ne ke kashe cutar. Na daɗe ina aiki a wani kemis a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma da iskar hunturu ta kaɗa, da wannan tambayar ake mana sallama.

Amoxicillin dai ki ajiye shi. Bakteriya yake kashewa, mura kuwa bairos ke kawo ta. Mutum ya sha kafso kwana biyar ya warke ya yaba wa magani, alhali jikinsa ne ya yi aikin.

Tamiflu, wato oseltamivir, maganin bairos ne na gaske, amma ƙofarsa ƙarama ce. Infuluwenza kaɗai yake yi wa aiki, irin murar da ke kada mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi. Murar majina da atishawa ba ruwansa da ita. Abin da yake yi shi ne hana sababbin ƙwayoyin cutar ficewa daga inda suka hayayyafa su bazu, shi ya sa ake so a fara shi cikin awa 48. Ga mai ƙarfin jiki, kusan kwana ɗaya yake rage wa jinya. Inda likita ya fi ba shi muhimmanci shi ne tsofaffi, masu juna biyu, masu asma ko ciwon sukari. Kin tuna Kumasi Academy a Disamba 2017, da ɗalibai suka rasu, unguwa ta cika da jita-jita? Sai da aka kai samfur cibiyar bincike ta Noguchi a Legon aka tabbatar H1N1 ce, wani nau'in infuluwenza, sannan aka san maganin da ya dace.

In korona ce kuma, maganinta daban, Paxlovid, cikin kwana 5 na farko, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan hawan jini. Kada Alhaji ya ɓoye wa likita abin da yake sha, na san halin iyayenmu maza.

Da ina matsayinki, gwajin maleriya zan fara yi yau ɗin nan, don a garin nan ba a raina zazzaɓi. A ba shi farasitamol da ruwa da yawa. In numfashi ya fara yi masa wuya, ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓin ya sauka ya dawo da ƙarfi, kada ki biyo ta wajenmu, ki wuce asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye ko da tsakar dare ne. Allah ya ba shi lafiya.