Kada ka ƙara wa hita wuta: amsa ga yarona kan injin ƙunsa shayi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ya aiki, ya gajiya? Allah ya yi albarka.

Ka ce injin da aka tura ka dubawa a Sharada ta Kano, ƙaramin nan ɗan China mai ƙunsa zogale da citta a takarda, yana fitar da ƙunshin da in aka tsoma shi a ruwan zafi sai ya buɗe ta gefe ɗaya. Ka ɗaga zafi daga digiri 140 zuwa 180, takarda ta fara yin ja tana warin ƙuna, amma buɗewar ba ta daina ba. Ga awo kuma ya ƙi tsayawa, wani ƙunshin ya cika fal, wani da kyar ya kai rabi. Kana tambaya ko ka ƙara zafin ne, ko kuwa kwamfutar injin ce ta lalace.

Kada ka ƙara. Mayar da shi inda ka same shi. Kwamfutar ma rabu da ita, an bar jaki ana dukan taiki. Amsarka tana cikin maganar da ka faɗa da bakinka: ta gefe ɗaya yake buɗewa. Da zafi ne bai isa ba gaba ɗaya, ko'ina zai saki. Tun da gefe ɗaya ne, akwai abin da ya bambanta wannan gefen da ɗan'uwansa, kuma shi za ka nema. Ƙunshin da ya lalace shi ne mai gaya maka ciwon inji, saboda haka kafin ka ɗauki sifana, ka ɗebi guda goma a jere yadda suka fito, ka shimfiɗa su a kan tebur, ka ɗaga kowanne ka duba shi a hasken taga.

Sai ka fara sanin takardar kanta. Ba gam ke liƙe ta ba. Ana yin ta da zaren wata bishiya dangin ayaba da ake nomawa a Filifin, a haɗa da zaren itace, sannan a fuska ɗaya a shimfiɗa siraran zaren roba. Wannan robar ce ke narkewa in ta ji zafi, ta kama 'yar'uwarta. Ke nan takardar tana da ciki da baya. In mai aiki ya ɗora nadin a juye, fuskar robar za ta kalli ƙarfe maimakon ta kalli juna, sai ka ga takarda tana mannewa jikin rola, liƙi kuma ba ƙarfi. Yagi guntu, ka ninka shi ta wannan fuska ka danna a jikin ƙarfen mai zafi, ka sake ninka wani ta ɗaya fuskar. Wadda ta kama ita ce ciki. Akwai kuma takardar da ba ta da robar sam, wadda aka yi don manyan injinan Turai irin su Constanta na Jamus, masu ninkewa su ɗaure da zare ko ƙaramar waya. In mai masana'anta ya sayo irinta don ta fi araha, ko ka kai zafi 250 ba za ta liƙe ba. Dubi rubutun jikin kwali.

In takarda lafiya lau, to liƙi abu uku yake so a lokaci guda: zafi, matsi, da ɗan lokacin da ƙarfen zai riƙe takardar. Yara suna ganin zafi ne kawai saboda shi ke da lamba a allo. Matsi ba shi da lamba, shi ya sa ake manta shi, kuma ni a naka injin shi nake zargi. Kashe wuta, ka bari ƙarfe ya huce. Samu farar takarda biyu ka sa takardar kabon a tsakani, ka zura tsakanin haƙoran liƙin, wato ƙarafan nan biyu masu matse takarda, ka juya injin da hannu har su haɗu. Ciro ka duba. In haƙoran sun zauna daidai, zanen zai fito baƙi iri ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In gefe ɗaya ya yi baƙi ƙirin, ɗayan ya yi dishi-dishi, ka kama ɓarawonka. Ko sifirin ɗin wannan gefen ya gaji, ko noti ya kwance saboda girgiza, ko boris ya ci. Ka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, kwata-kwatan juyi, kana sake gwadawa da kabon. Kada ka ɗaure tamau don ka huta, haƙoran za su riƙa huda takarda, kuma su cinye juna cikin 'yan watanni.

Daga nan ka koma kan hita. Kowane ƙarfen liƙi yana da nasa sandan hita a ciki, amma a yawancin ƙananan injinan nan wayar auna zafi ɗaya ce ke lura da su biyun. In hitar ɗaya ta mutu, allo zai ci gaba da nuna maka 140 cikin kwanciyar hankali, alhali ɗayan ƙarfen ɗumin maƙwabcinsa kawai yake sha. Kai kuma da ka ƙara wuta, mai ran ya ƙona takarda, mataccen yana nan yadda yake. Wannan ya yi daidai da abin da ka kwatanta. Cire wayoyin hita, ka sa mitarka a om, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta. Hita mai wat 300 a wuta 220 za ta ba ka wajen om 160. In mita ba ta motsa ba, hitar ta tsinke. Ka kuma auna tsakanin waya da jikin ƙarfe, kada a samu haɗuwa ko kaɗan, don wannan shi ke jan mai aiki.

Ita ma wayar auna zafin ka taɓa ta. In ta yi sako-sako a raminta, za ta riƙa jin zafi ƙasa da na gaskiya, injin ya yi ta hura wuta yana neman lambar da ya riga ya wuce. In an taɓa canza ta, duba ko irin da aka sa, K ce ko E, ta dace da abin da aka saita a akwatin zafin, don in suka saɓa lambar allo ƙarya ce. In kuwa ka ga zafi yana ta hawa ya wuce inda aka saita bai tsaya ba, rile ɗin da ke kunna hita da kashe ta ya maƙale a kunne, sai canji.

Akwai abin da littafin injin ba zai gaya maka ba, don wanda ya rubuta shi bai san wutarmu ba. Ƙarfin hita ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi haka faɗuwa. In wuta ta sauko daga 220 zuwa 180, hitar ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Injin yana tsaye, zafi zai kai lamba. Yana fara gudu, takarda mai sanyi tana wucewa tana kwashe zafin, hita ta kasa mayarwa. Tambayi masu aiki ko matsalar ta fi yawa da rana tsaka ko lokacin da aka koma janareta. Ka auna wutar a bakin injin yana cikin aiki, ba a soket yana kashe ba. Ka kuma tambaya ko wani ya ƙara wa injin gudu. Irin wannan ana yin sa ne don ƙunshi 30 zuwa 60 a minti, kuma duk gudun da aka ƙara, lokacin liƙi aka rage.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don ina jin shi ya haɗa matsalolinka biyu. A cikin ƙunshi goman nan, duba layin liƙin da kyau. In ka ga ɗigo-ɗigon kore a cikinsa, gari ne ya shiga tsakanin takarda da takarda, kuma roba ba ta kama gari. Injinan nan an ƙera su ne da baƙin shayi a zuciya, irin na Kenya da ake murƙushewa a yayyage a dunƙule ya zama ƙananan ƙwayoyi. Wannan yana gangarowa lokaci guda ya zauna a gindin ƙunshi. Mu kuwa sai a kai zogale injin niƙa a mai da shi kamar kwalli, a zuba. Gari mai laushi haka ba ya faɗuwa, tashi yake yi, yana nan yana yawo a bututu haƙora suka rufe a kansa. Da hunturu abin ya fi muni, saboda iska ta bushe, takarda tana gogar ƙarfe tana tara wutar nan mai tartsatsi, gari ya manne mata ko'ina. Ka tabbata wayar ƙasa ta injin tana haɗe da gaske, ba rataye take a bango ba. Ka daidaita lokacin zubowa ya riga rufewar haƙora. Haƙoran kuma a goge su da buroshin tagulla tun suna da ɗumi, ban da wuƙa, ban da sukundireba.

Awo kuma, kofin da ke ɗiba ba sikeli ba ne, mudu ne. Mudun gero da mudun dusa ba nauyinsu ɗaya ba. In buhun yau ya fi na jiya laushi, ko citta ta fi yawa a haɗin, nauyi zai canza ko da ba wanda ya taɓa inji. In mazurari ya cika, nauyin sama yana danna gari cikin kofi, in ya kusa ƙarewa kofin ba ya cika, saboda haka a riƙe shi tsakanin rabi da cika. Da damina gari yana shan raɓa ya dunƙule, ya yi gada a wuyan mazurari, ka ga sama a cike ƙasa ba kome. Masu aiki sukan bugi jikinsa da sanda har ya loɓa, loɓawar kuma ta zama sabon wurin maƙalewa. Hana su. Sikelin giram mai nuna lamba biyu bayan ɗigo nake so ka nema, ka auna ƙunshi 20, ka cire nauyin takarda. In ana son giram 2 kuma kowane ƙunshi ya ɗara da 0.1, a gudun 40 a minti na awa 8 ƙunshi 19,200 ke nan, kusan kilo 2 na kaya ya tafi kyauta a wuni. Faɗa wa mai masana'anta wannan lissafin, zai saurare ka.

Sauran ƙananan ba sai na tsawaita ba. In yankan ledar waje da ake saka ƙunshin a ciki yana gocewa daga rubutu, goge idon da ke karanta baƙar alama, sannan ka duba ko robar da ke jan leda ta yi santsi. In injin yana aiki da iska, agogon iskar ya tsaya wajen 6 a ma'aunin bar, kuma a zubar da ruwan kofin tace iska kullum da safe. Wuƙa in ta dakushe za ka ga bakin ƙunshi da gashi-gashi.

Hannunka kuma. Kada ka kuskura ka sa yatsa tsakanin haƙoran nan wuta na kunne, ko da ƙunshi ɗaya ne ya maƙale. Kashe daga babban makunni, ka saki iska, sannan ka taɓa. Giris ɗin mota bai halatta kusa da abin da mutane za su sha ba, akwai na kayan abinci, a saya.

Gobe in Allah ya kai mu, ka kunna ka ba shi kamar minti 20 ƙarfe ya ɗauki zafi har ciki. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, takarda, kabon, hita, wuta, kana canza abu guda kana gwadawa kafin ka taɓa na gaba, kana rubuta lambar da ka tarar. Gwajin ƙarshe ba ja da hannu ba ne, ka tafasa ruwa ka jefa ƙunshi biyar su yi minti biyar kana juyawa da cokali. Shi kuma mai wurin, ka gaya masa da ladabi cewa a daina niƙa zogalen ya zama gari, a ɓarza shi, a tankaɗe da rariya a fitar da ƙurar, ita a sayar da ita daban a gwangwani. Turo min hoton takardar kabon ɗin da abin da mita ta nuna a kowace hita.