Ɗakin gilashi a ƙasar zafi: ka fara da rufin kafin ka yi maganar AC

Malam, na ga tambayarka: kana so ka rufe barandar bayan gida da gilashi, gefe uku har da sama, ta zama wurin zama da karatu da jera tukwanen furanni, kuma kana neman sanin AC mai doki nawa zai ishe ta ba tare da kuɗin wuta ya karya ka ba. Na yi irin wannan ɗakin, bayan shekara guda na sa aka kwance rabinsa, shi ya sa amsar tawa za ta ɗan yi tsawo.

Maganar AC ajiye ta gefe tukuna. Hotunan da muke gani suna burge mu yawancinsu daga ƙasashen sanyi suke. Tun ƙarni na 17 masu hali a Turai suke gina irin waɗannan ɗakuna don itatuwan lemo su tsallake hunturu da rai. Wato asalin aikin ɗakin shi ne ya kama zafi ya riƙe. Hasken rana yana ratsa gilashi, ya sauka a daɓe da kujeru, su ɗauki zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Duk wanda ya taɓa barin mota a rana da gilasai a rufe ya san sauran labarin.

Ga lissafin da ban yi ba sai da na sha wuya. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, kowane murabba'in mita yana karɓar kusan wat 1,000 daga rana. Gilashi fari na gama-gari yana barin sama da kashi 80 cikin 100 su shige. Rufina mita 4 ne da mita 3, murabba'i 12 ke nan, zafin da ke zubowa ta sama kaɗai ya kusa kilowat 10. AC mai doki ɗaya da rabi kuwa abin da yake iya kwashewa bai wuce kilowat 3.5 ba. Ka ga sai na jera guda uku kafin su yi kunnen doki da rufin, ba a zo kan tagogi ba.

Ni da na ƙara wa kaina, doguwar fuskar ɗakin yamma take kallo, wai don in riƙa ganin faɗuwar rana. Daga ƙarfe biyu zuwa shida ba mai iya zama. Tayil ɗin baƙi ne, ba ya takuwa sai da takalmi. Wani kyandir da na bari kan tebur na dawo na tarar ya sunkuya kamar mai neman gafara. Furannin da aka yi ɗakin dominsu su suka fara ƙonewa. Abin da ya fi ba ni haushi, bangon da ke tsakanin ɗakin da falo yana shan zafin yini, da dare sai ya juye mana shi a cikin gida.

Saboda haka rufi kar ya zama gilashi, ko magini ya ce maka ya sha yi. Na cire nawa na sa farin kwano, a ƙarƙashinsa takardar alminiyom mai sheƙi, sai auduga mai hana zafi wucewa, sannan silin. Takardar nan akwai sirri a wajen sa ta: dole fuskarta mai sheƙi ta kalli sarari na iska, ko da santimita biyu zuwa uku ne. In aka manne ta tsakanin abu biyu, an yi asarar kuɗi kawai. Wannan gyaran shi kaɗai ya fi duk sauran tasiri, kuma abin mamaki ɗakin bai yi duhu ba. A ƙasar da rana ta yi yawa, hasken da ke shigowa ta gefe ya isa karatu har da ragi. In zuciyarka ta nace sai ka ga sama, yi ɗan ƙaramin gurbi ɗaya mai murfi. Robar folikabonet da wasu ke sawa a madadin gilashi ita ma tana shigo da zafi, kuma in aka kifa fuskar da aka yi wa shafen kariya ta kalli ƙasa, ba ta daɗewa take yin ɗorawa ta fara tsagewa.

Sai fuskar da ɗakin zai kalla. Gabas da yamma su ne masu wuyar sha'ani, domin da hantsi da la'asar rana tana ƙasa-ƙasa, tana shigowa a kwance ta ƙarƙashin kowace irin rumfa. Yamma ta fi muni don ta haɗu da lokacin da iska ta fi zafi. Arewa da kudu kuwa rana tana can sama, 'yar rumfa da ta fito daga rufi ta isa ta jefa inuwa a kan gilashin. In kana tsakanin layukan nan biyu na digiri 23.5 arewa da kudu da Ikwaita, ka sani rana tana karkata arewa wasu watanni, ta koma kudu wasu, don haka kowane ɓangare yana buƙatar rumfarsa. Ni tunda ba zan iya juya gida ba, na ɗaga bangon bulo a yamma zuwa ƙirji, na rage gilashin, na kafa jerin katakai a tsaye daga waje, na dasa mai yaɗo ta hau kansu. Faɗuwar ranar yanzu ta tsakankanin ganye nake ganinta, kuma ta fi kyau.

Labule na ciki kar ya yaudare ka. Kafin rana ta taɓa labule ta riga ta wuce gilashi, zafin yana ɗaki. Duk abin da zai tare ta, a waje zai tsaya.

Wajen sayen gilashi, kar ka tsaya ga cewa mai duhu ne ko mai ninki biyu ne. Ninki biyu yana rage zafin da ke ratsowa daga iskar waje da kuma hayaniya, amma hasken rana kusan duk yana wucewa in ba a yi masa shafe ba. Ka nemi wanda aka rubuta wa Low-E, wato mai shafen da ke mayar da zafi baya, na ƙasashen zafi, sannan ka tambayi lambar SHGC, ita ce ke nuna kason zafin rana da ke shigewa. Fari na gama-gari ya haura 0.8, mai kyau yana sauka wajen 0.25 zuwa 0.3. In mai sayarwa ya kasa nuna maka lambar a takarda, ka yi gaba. Ƙofa da duk gilashin da ya sauko kusa da ƙasa kuma su zama irin wanda in ya fashe yake dagargajewa ƙanana, saboda yara. Firam ɗin alminiyom baƙi yana ɗaukar zafi har ya ƙona hannu, fari ko na katako ko na roba ya fi.

Iska ita ce ta maye mini gurbin AC. Iska mai zafi sama take hawa, sai na buɗe mata ƙananan tagogi dab da silin, na bar wasu a ƙasa ta ɓangaren inuwa, duk da raga saboda sauro. Na rataya fanka ɗaya, wadda cinta bai wuce wat 75 ba, alhali AC ɗin da na ambata yana cin sama da wat 1,000. In wurinku busasshe ne, dare yana yin sanyi, ka bar tagogin a buɗe ya kwana, daɓe ya sha sanyi, da hantsi ka rufe. In wuri ne mai gumi da laima, wannan dabarar ba ta ci sosai, gara tagogi manya masu fuskantar juna iska ta yi ta ratsawa. Tayil ya zama mai haske. Kuma don Allah kar ka cire ƙofar da ke tsakanin ɗakin da cikin gida wai don wuri ya yi faɗi. Ranar da zafi ya kai maƙura, rufe ta kawai za ka yi.

Inda sabon rufi ya haɗu da tsohon bango ka tsaya a kan ma'aikata da kanka. Nawa gam kawai suka shafa, ruwan farko ya biyo bango har kan littattafaina. Sai da aka tsaga filasta aka cusa lanƙwasasshen kwano a ciki ya rufa kan mahaɗar sannan yoyon ya tsaya.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ɗauki alli gobe ka je barandar da ƙarfe tara, da sha biyu, da huɗu, ka zana inda rana ta tsaya a ƙasa kowane lokaci. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani da tsawon barandar da faɗinta, sai mu ga gefen da zai ɗauki gilashi da wanda bulo ya kamata.