Canjin jini ga jariri mai shawara

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki yarda a yi wa jaririnki canjin jini, wato a riƙa cire jininsa kaɗan-kaɗan ana sa masa wani, tunda shawarar ta ƙi sauka duk da hasken maganin shawara da aka sa shi a ciki. Ki yarda. Ba zan ɓoye miki ba, akwai haɗari: sukari ko kalsiyam na jininsa kan sauka, cuta na iya shiga ta bututun da ake sa masa a cibiya don canjin, bugun zuciya ma kan rikice. Amma ana sa ido a kai, kuma yawanci ana shawo kansu.

Jinkiri ne ya fi ba ni tsoro. Na ga yaron da aka ce a bari sai gobe, shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, har yau ba ya ji. In ya ƙi nono ko yana gantsarewa, kada a kwana. Bayan sallama, a duba ko kunnensa yana ji.