Hoton CT ya fito lafiya, amma maigida ya canza

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce mako shida ke nan da ya faɗo daga babur kansa ya bugi kwalta, ya ɗan suma, aka yi hoton CT aka ce ba komai, washegari aka sallame ku. Yanzu ga mantuwa, ga ciwon kai, ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har kina tambaya ko buguwar ce ko kuwa halinsa ne ya fito fili. Ni ba likita ba ce, amma na yi jinyar ƙanina kusan shekara biyu bayan ya faɗo daga kan gini, kuma irin tambayar nan taki ta hana ni barci.

Bari in fara da abin da ba ya jira. In ciwon kan yana ƙaruwa kullum, ko yana amai, ko barci ya yi masa nauyin da tashinsa sai da ƙyar, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta rasa ƙarfi, ko magana ta sarƙe, ko ya yi jijjiga, ku koma asibiti yau ɗin nan. Akwai jinin da ke tsattsafowa a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da fatar da ta lulluɓe ta, sai bayan makonni ya taru ya danne ta. Hoton ranar farko ba zai nuna abin da bai riga ya taru ba. An fi ganin haka ga tsofaffi, da masu shan barasa, da masu shan maganin tsinka jini.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, to ga abin da na so a ce wani ya gaya mini tun farko. CT jini yake gani da karayar ƙashi da kumburi, don haka "ba komai" na nufin babu abin da za a shiga tiyata a kansa. Ƙwaƙwalwa laushi gare ta, in kai ya bugu sai ta yi gaba ta yi baya a cikin ƙoƙon, siraran zaruruwan da ke kai saƙo su miƙe, wasu su tsinke. Wannan ɓarnar ta yi wa CT ƙanƙanta, wani lokaci ko MRI, hoton da ya fi CT gani, ba ya kama ta. Sannan ɓangaren gaba, na bayan goshi, a kan ƙashi mai kaushi yake zaune, shi ya sa ya fi saurin ƙujewa, kuma shi ne birkin mutum: haƙuri, kunya, tsara aiki, riƙe harshe. Har yau likitoci na kawo labarin Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo a Amurka da ƙarfe ya ratsa gaban kansa a 1848. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma waɗanda suka san shi suka ce ba shi ba ne.

Ƙanina yaro ne mai sanyin hali. Wata rana ina juya cokali a kofi, ƙarar kawai, ya daka mini tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya fita ya buga ƙofa. Da na bi shi na tarar yana kuka, ya ce Yaya, ji nake kamar a cikin kaina kike bugawa. Kafin ranar na sha ce masa raggo, na sha ce masa ya daina langaɓewa tunda hoto ya wanke shi. Har yanzu in na tuna sai in ji kunya.

Kalmar "ƙaramin rauni" da ake rubutawa a takardar sallama ita ma tana ruɗar mutane. Daga ma'aunin Gilasgo ta fito, wanda likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 shi ne ƙarami. Wato zurfin suma yake aunawa a lokacin da aka kawo mutum, ba yadda zai kasance bayan wata shida ba. Da yawa suna warwarewa cikin makonni, gaskiya ne. Amma babban binciken TRACK-TBI na Amurka ya bi irin waɗannan majinyata, ya tarar kimanin rabinsu ba su koma daidai yadda suke ba ko bayan shekara guda.

Maganar magani kuwa, don Allah kada ki bi "wane ya sha ya warke". A da, shekara da shekaru likitoci na ba masu raunin kai allurar sitiroyid don rage kumburi, kowa na ganin dabara ce. Da aka gwada a kan mutum kusan 10,000 a binciken CRASH, sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna mace-mace ta fi yawa cikin waɗanda aka yi wa allurar. In masana sun iya yin wannan kuskure, ina ga ni da ke? Ko maganin ciwon kai na yau da kullum, in ana shan sa kusan kowace rana, shi da kansa yana haifar da wani ciwon kan. Mu ma mun faɗa wannan ramin.

Abin da ya fi taimakonmu littafi ne na rubutu. Kullum in rubuta awa nawa ya yi barci, yaushe kan ya sara, me ya faru kafin ya fusata. Cikin mako uku na gane yamma ce matsalarsa, in ya gaji ko mutane suka yi yawa a ɗaki. Sai muka mayar da duk wata magana mai nauyi zuwa safe, muka rage baƙi da kallon waya, kuma saƙo ɗaya nake ba shi a lokaci guda. Kada kuma ki kulle shi a ɗaki mai duhu. Hutun kwana ɗaya ko biyu na farko ya wuce, yanzu tattaki kaɗan-kaɗan ake so, in kan ya fara sarawa ya tsaya. Babur da hawa sama dai a jingine sai likita ya yarda, don bugu na biyu a kan wanda bai warke ba ya fi na farko haɗari.

Ki nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ki tafi da littafin, ki yi magana da bakinki, don shi zai ce lafiyarsa lau, kuma ba ƙarya yake ba, bai san ya canza ba. Ki ambaci barci da damuwa. In kasala ta ƙi ƙarewa ko sha'awar iyali ta ɗauke, ki tambaya a auna sinadaran jikinsa, don akwai ɗan ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke sarrafa su, buguwa na iya taɓa shi. In kuma faɗan ya kai ga ɗaga hannu, ki matsar da yara, ki gaya wa likita a ranar.

Ki kuma gwada hancinsa. Ƙanina ya koma aiki a wata na goma sha huɗu, fushin ya kwanta sosai, amma jin ƙanshi bai dawo ba har yau. Ranar da muka gane, tukunya ce ke ƙonewa a gabansa, hayaƙi ya cika kicin, shi kuwa yana zaune yana wanke kofi.