Nas ta ce ɗana ya rufe ido ya tafi gona: magani ne ko rarrashi?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 11 yana da sikila. Ranar da ciwon ya tashi muka kwana a asibiti, bayan an yi masa allura sai wata nas ta zauna kusa da shi, ta ce ya rufe ido ya ɗauka yana gonar kakarsa. Ya lafa har barci ya kwashe shi. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Wannan magani ne ko rarrashi kawai? Daga wata uwa a Agege.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Abin da nas ɗin ta yi sananne ne a aikin asibiti, ana jagorantar majinyaci ya zana hoto a zuciyarsa. Babu tsafi a ciki, hankalinsa yana tare da shi, duk lokacin da ya so zai buɗe ido.

A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon ciwo ba ya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. A lakar baya akwai abin da ya yi kama da ƙofa, tana buɗewa tana tsukewa. Shi ya sa idan yaro ya buge gwiwa kika murza masa wurin sai ya ji sauƙi. Ita ma ƙwaƙwalwa tana aiko da nata saƙon zuwa ƙofar. Tsoro yana wangale ta: zuciya na dukan uku-uku, tsoka ta ɗaure, numfashi ya koma sama-sama, zafin ya ƙaru. Mai sikila kuwa ya san abin da ke tafe tun daga tsikarin farko. Idan hankalinsa ya tafi wurin da yake jin aminci, jiki yana saki, wannan kason da fargaba ta ɗora yana raguwa.

Ki lura cewa sai da aka yi masa allura. Wannan ne daidai. Hoton zuci ba ya buɗe jijiyar da jini ya toshe, kuma ba na yarda a jinkirta wa yaro maganin ciwo saboda shi.

Za ki iya koya masa a gida, amma ki fara ranar da yake lafiya, minti 10 ya isa. Ki nemi lokacin da ƙarar janareta ta lafa. Ya ja numfashi a hankali, sannan ki bar shi ya zaɓi wurin da kansa. Yaron da ya tashi a Legas wataƙila filin ƙwallo ko bakin teku ya fi masa gona daɗi. Ki riƙa tambayarsa da murya ƙasa-ƙasa: me kake gani, wane ƙamshi kake ji, ina rana take taɓa ka? Idan ya ce ƙafa ke ciwo, ya ji kamar hantsi yana gasa masa ita. Addu'ar da ya saba da ita ma tana shiga ciki.

A wannan hoton zuci, kada a kai shi wurin da ya taɓa firgita, ko da garinku ne. Idan kika ga ya ƙara tsorata, ku dakata.

Zazzaɓi, ciwon ƙirji, wahalar numfashi, ko wani sashe na jiki ya saki, waɗannan ba na zama a gida ba ne. Ki kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.