Tambaya da Amsa: Me ya bambanta kwalara da taifot a cikin jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum likitoci. An ce kwalara da taifot duk a gurɓataccen ruwa ake ɗaukarsu. To me ya sa kwalara ke kayar da mutum cikin yini guda, taifot kuwa sai ta yi makonni tana cin mutum a hankali? Daga wata uwa a Kurna, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Duk ta baki suke shiga, a ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa, musamman da damina idan masai ya tsiyaya cikin rijiya. Bambancin yana ga abin da kowace bakteriya ke yi bayan ta isa hanji.

Ta kwalara, Vibrio cholerae, ba ta shiga jini. Ruwan tsamin ciki yana kashe mafi yawansu, waɗanda suka tsira sai su manne a bangon ƙaramin hanji su saki guba. Gubar ce ke juya aikin hanjin: maimakon ya tsotse ruwa da gishiri, sai ya riƙa zubo su. Shi ya sa gudawar ke fitowa fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa ba zazzaɓi. Alamun kan bayyana daga awa 12 zuwa kwana 5, kuma idan ta yi tsanani babba na iya zubar da lita guda a awa ɗaya. Ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. Rashin ruwan nan ne ke kisa.

Don haka a fara da ORS, wato haɗin gishiri da sukari na maganin rashin ruwa, tun daga gida: fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiyawata biyu. In babu, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi a lita ɗayan ruwan. Kada a ƙara gishirin, yana cutar da yara. Abin da ya wuce awa 24 a zubar. Wanda amai ya hana shi sha a garzaya da shi asibiti a sa masa ƙarin ruwa, Asibitin Zana ko wanda ya fi kusa.

Ta taifot, Salmonella Typhi, ratsa bangon hanjin take yi. Fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta don su kashe ta, ita kuwa ta rayu a cikinsu, su kai ta hanta da saifa da ɓargo. Can take hayayyafa, galibi mako ɗaya zuwa biyu, kafin ta kwararo cikin jini zazzaɓi ya fara hawa kullum. Idan ba a yi magani ba, wajen mako na uku hanji na iya hujewa, sai tiyata. Wasu kuma bayan sun warke tana maƙale musu a matsarmama, suna yaɗa ta ba su sani ba.

Inda muke ganin matsala shi ne gwajin jini na Widal, wanda kan nuna taifot ga wanda ba shi da ita, a yi ta shan antibayotik daga kemis alhali maleriya ce. Gwajin da ya fi inganci shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji don a ga ko bakteriyar za ta tsiro, kuma a ɗebe shi kafin a fara magani. Idan likita ya rubuta maganin, a shanye adadin kwanakin ko da zazzaɓin ya sauka, domin ƙwayoyin da suka ɓuya na iya dawo da ciwon.