Amsa ga Kawu a Birni: kukan da muka yi wa kare

Kawu, barka da war haka. Ina gajiya, ina iyali, yaya zafin Damagaram? Saƙonka na murya ya same ni a wurin aiki, sau uku na saurare shi. Ka ce labari ya iso Birni wai jikarka ta kwana biyu ba ta ci abinci ba don kare ya mutu, wai ni ma an ga idona ya yi ja. Ka tambaya ko haka Hausawan Faransa suka koma. Wanda ya kai maka labarin bai yi ƙarya ba, amma rabi ya kai.

Yawancinmu a nan Liyon ba ma ajiye kare. Uwargida har gobe in ta hango shi a hanya sai ta tattare zane ta tsallaka titi. Kyanwa ce ta samu shiga gidajenmu, don ba mai gardama a kanta. Masu kare a cikinmu galibi ƴan aikin gadi ne, masu kwana a ma'aikatu da wuraren gini, su kam kare kayan aiki ne kamar jakin mai tallan ruwa. Ni kuwa ɓarawo ne ya sa ni ajiye kare. Aikin dare nake, gidan yana bakin gari, aka fasa mana taga iyali suna barci. Na je wurin limaminmu, ya ce mazhabarmu ta Malikiyya ba ta ɗauki kare mai rai najasa ba, kuma malamai da yawa sun halatta na tsaron gida in akwai bukata. Ya ce kada ya shiga inda muke salla, kada ya ci a kwanonmu. Haka muka yi har ƙarshe. Wurinsa gareji da tsakar gida.

Ban saye shi a kasuwa ba. A nan akwai gidajen tara dabbobin da aka yasar, babbar ƙungiyarsu ana ce mata SPA, tun 1845 take. Karen da aka tsinta, hukuma takan riƙe shi kwana takwas na aiki, in mai shi bai zo ba sai a miƙa shi irin waɗannan gidaje. Lokacin hutun bazara suke cika, don mutum zai tafi bakin teku, kare ya zame masa kaya, sai ya ɗaure shi a gefen hanya ya ja mota. Dokar 2021 ta sa wa mai yin haka ɗaurin da ya kai shekara uku da tarar yuro 45,000, kusan miliyan 30 na sefa ke nan, amma ba a daina ba. Namu haka aka same shi, ɗaure a jikin ƙarfe a wata matsayar motoci. Yara suka sa masa Damisa saboda zanen jikinsa.

Kwana na uku muka fita duka, yara lakwal, uwargida kasuwa, ni asibiti. Awa biyu kacal. Da na dawo na tarar ya ci gindin ƙofar gareji, katako a warwatse, jini a dasashinsa, ya yi fitsari inda yake kwana, jikinsa na rawa kamar mai masassara. Maƙwabciya ta saƙalo takarda ta ce tun fitarmu yake kuka bai tsaya ba. Wallahi Kawu, sanda na fara nema, don abin da na taso na gani ke nan. Abin da ya tsayar da ni, ya rarrafo ya kwanta a kan takalmina.

Likitan dabbobi ta ce wannan ciwo ne sananne, tsoron rabuwa, kuma an fi ganinsa ga karnukan da suka sauya hannu. Wanda aka taɓa ɗaurewa aka tafi, duk ƙofar da ta rufe a gabansa gani yake an sake tafiya ke nan. Ta ce duka ƙara shi yake, don kare ba ya haɗa sandar yanzu da ɓarnar da ya yi awa biyu da suka wuce, abin da zai koya kawai shi ne dawowata ma abin tsoro ce. Maganin da ta ba ni sai da ya ba ni dariya. Wai in ɗauki makulli in sa takalmi, sannan in zauna in sha shayi. In maimaita har ƙarar makulli ta daina tayar masa da hankali. Sannan in fita minti ɗaya in dawo, ba sallama ba murna, gobe minti uku, jibi biyar, in ya firgita in koma baya. Na bar masa tsohuwar rigata ya kwanta a kai. Ta haɗa da ƙwaya ta ƴan watanni, irin wadda ake ba mutane masu ciwon damuwa. Na yi wata biyar ina tsayuwa bayan ƙofata cikin sanyi ina duba agogo, dattijo da gemu, kafin ya iya wuni shi kaɗai.

A tsaye bayan ƙofar nan na yi ta tunanin me ya sa ban taɓa ganin wannan ciwo a gida ba. Ina jin dalilin shi ne karen Damagaram ba a kulle shi. Na mahauta yana bin mahauta, na mafarauta yana cikin ƴan uwansa, na Buzaye yana tare da raƙuma, na unguwa kuma yana yawo daga Zango har Kasuwar Dole ya kwana inda ya ga dama. Yunwa yake sha da jifa, kaɗaici kam bai san shi ba. A nan kuwa ƙoshi yake, amma duniyarsa mutum ɗaya ce da ƙofa ɗaya. Kuma kai ma ka san abin a wata dabba. Ka raba tunkiya da garke ka ɗaure ta ita kaɗai a turke, ka ga ko za a yi barci a gidan. Ni kaina shekarata ta farko a ƙasar nan, in abokin ɗakina ya fita aiki ya ja ƙofa, abin da nake ji a ƙirji bai yi nisa da na Damisa ba, katako ne kawai ban ci ba.

Shekara takwas ya yi da mu. Irinsu da wuya su wuce sha biyu ko sha uku. Ƙoda ce ta lalace, ya daina ci, ruwa kawai yake sha yana amai. Likita ta ce sauran wahala ce, muka yarda aka yi masa allurar da ke sa barcin da ba a tashi. Auta ce ta riƙe kansa. Tana da shekara uku aka kawo shi, ba ta tuna gidan ba shi.

Ka tambaya ko mun yi zaman makoki. A'a, Kawu. Ba ta'aziyya, ba fatiha, ba sadakar uku, ba wanda zai ma kawo zancen. Nasara suna da nasu hanyoyi. Kusa da Paris akwai maƙabartar karnuka tun 1899, da duwatsu masu rubutu da furanni, wasu kuma sukan karɓo tokar dabbar su ajiye a falo. Mu ba ma yi. Mun bar gawar wurin likita, na sanar da masu rajistar karnuka cewa ya mutu, muka dawo gida.

Abin da ya sauya a wurinmu shi ne ba ma yi wa yaro dariya. Da auta ta ƙi cin abinci, wata baƙuwa ta ce mata kare ne fa, ba mutum ba. Limaminmu da ya ji sai ya kawo mana labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya gan shi cikin baƙin ciki ya tsaya yana lallashinsa yana tambayarsa labarin tsuntsun. Liman ya ce in an lallashi yaro a kan tsuntsu, ba za a hana shi hawaye a kan dabbar da ta raka shi shekara takwas ba. Mu dai Hausawa muka ce sabo ake wa kuka.

Kuma Kawu, da izininka zan tuna maka wani abu. Ragon layyar nan fari mai baƙin ido da ka sayo tun da sauran wata uku, ina ɗan shekara tara. Ni ke ba shi dusa da harawa, yana bina har bakin zaure. Ranar salla na ɓuya bayan duwatsu har la'asar, na ƙi cin ko hanta, gida duka ana yi mini dariya. Kai ne ka zo ka same ni, ba ka ce komai ba, ka zauna kusa da ni kana ɓare mini gyaɗa. Abin da na yi wa jikarka ke nan. Jan idon nawa kuma ba zan musa ba. Har yau in zan fita aikin dare a hankali nake ɗaukar makulli, sai na kai ƙofa nake tuna ba mai ji.

Yanzu kyanwa take nema, uwarta ta ce sai an ga sakamakon jarrabawa. Kuɗin ragon bana zan turo ƙarshen wata. A gaida Inna da mutanen gida duka.